Filin da Muka Ce Babu Kowa a Ciki

A unguwar Tayuri da ke Sabha, idan mutum ya zo maka da takarda da biro ya yi maka tambaya, amsar ɗaya ce. Ku nawa ne a ɗakin nan? Babu kowa. Wa ya kawo ku garin nan? Babu wanda ya kawo mu. Yayana ne ya koya mini wannan karatu ranar da na sauka a Sabha da ƙafafu a kumbure, tun kafin ya nuna mini inda ake sayen burodi. Ya ce in haddace "mafish", wato babu da Larabcin mutanen nan, sauran Larabci ya biyo baya a hankali. Ya ce shi dai bai taɓa ganin mai takarda ya tambayi baƙo don alheri ba. Na riƙe maganar da hannu biyu, kuma ta fisshe ni ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Sau ɗaya tak ta cuce ni, har yau kuwa ban warke ba.

Yayana magini ne, ya riga ni barin ƙauyenmu na ƙasar Damagaram da shekara huɗu. Mutum ne mai tsokana. Idan na ɗora bulo ya karkace sai ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce ko bulon ma ya san ɗan auta ne ya ɗora shi. Muna aikin wani bene a unguwar Sukra katakon da yake tsaye a kai ya karye. Ina ƙasa ina kwaɓa siminti, na ji ƙarar kafin in ga abin da ya faɗo. Mai gidan ya ba mu mota da farin yadi, ya ce ba asibiti, ba shurta, wato ƴan sanda, mu ma mun san dalili. Kafin la'asar mun kai shi bayan gidan bulo da ke ƙarshen Tayuri, filin da baƙi marasa takarda suke binne nasu.

Duk wanda ya ratso sahara daga Agadas yana da jarkar ruwa, mu ƴan Nijar mu ce bido. Ana ɗinke ta da buhu don ruwan ya yi sanyi, a rubuta suna da sunan gari da fenti don kada wani ya shanye maka a hanya. Ba a yar da ita ko an iso. Idan mutum ya rasu, ita ake cika da yashi a kafa a wajen kansa, rabi a ƙasa rabi a waje. Ban san wanda ya fara wannan al'ada ba, na tarar ana yi. Amfaninta biyu ne: mu mun san wane ne a kwance a ina, wanda ba namu ba kuwa idan ya wuce sai ya ga juji ne na tsofaffin jarkoki. Haka muke so ya gani.

Innarmu ba ta yi kuka a waya ba ranar da na faɗa mata. Ta ce, "Ka san wurin?" Na ce na sani. Ta ce, "To kada ka bari wurin ya ɓace. Ni ba zan gan shi ba, amma in dai akwai mai sanin inda yake, zan iya barci." Tun daga nan duk salla sai ƙanwata ta riƙe mata waya ta aiko da murya, kuma tambayar ba ta canjawa: na je wurinsa? Ina zuwa kuwa, duk Juma'a. Har na ɗauki ɗabi'ar mutanen garin, in tafi da gorar ruwa in yayyafa a kan kabarin bayan na yi addu'a.

Shekara uku muna haka, sai labari ya bazu cewa gwamnati daga Tarabulus, babban birnin ƙasar, ta ware kuɗin raya unguwanni, kuma Tayuri na ciki. Mun yi dariya, don mun sha jin irin wannan. Amma wannan karon sai ga shi an kafa kwamiti: liman, shugaban makaranta, mai farmasi, da mai unguwa. Baladiya, wato hukumar gari, ta turo wata injiniya, matashiya mai gilashi, kullum da taswira naɗe a hammata. Sharaɗin kuɗin shi ne ba a taɓa su sai an zauna da mazauna unguwa sau uku an ji abin da suke so. Takardar cewa ta yi mazauna, ba ta ce ƴan ƙasa ba, don haka injiniyar ta dage sai an kira har da mu.

Mai unguwa tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa yana kai dabino da makaroni Agadas, yana jin Hausa irin ta fatake. Shi ya aiko a kira ni shagonsa. Ya ce, "Ɗana, an ce Larabcinka ya nuna. Kai za ka tsaya tsakaninmu da mutanenku." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har sabuwar riga na saya a kasuwar Jadid.

A farfajiyar makaranta ake zaman, bayan la'asar. Ƴan ƙasa a kan kujerun ƴan makaranta, gwiwoyinsu har ƙirji, mu a baya a kan tabarma. Wanda bai saba da mutanen nan ba zai rantse dambe za a yi. Wannan ya miƙe yana dukan tebur a kan ruwan kwata da ya kwanta a ƙofar gidansa, wancan ya ce fitilun hanya, shugaban makaranta ya ce katangarsa ta zube awaki na shiga aji, wata dattijuwa ta ce yara ba su da wurin wasa sai bakin titi. Ana kawo shayi mai kumfa sai kowa ya zauna, a koma tambayar lafiyar iyali kamar ba su ne suke zagin juna ɗazu ba. Injiniyar tana rubuta komai a allo, ba ta katse kowa.

A zama na biyu aka yi zaɓe, kuma yadda aka yi shi ya burge ni. Aka jera kwanoni a kan tebur, kowane da takardar abin da yake wakilta, aka ba kowane magidanci ƙwallon dabino uku ya jefa inda ya ga dama. Mu ba a ba mu ƙwallo ba, don ba mu da lambar ɗan ƙasa. Namu ido ne, sai kuma ni da nake juya musu abin da ake faɗi. Kwata ce ta ci zaɓe, kwanonta har ya cika ya zube. Sai injiniyar ta tashi ta yi bayani cewa gyaran kwata ya fi ƙarfin kuɗin nesa ba kusa ba, sai dai a rubuta a tura gaba. Aka yi ta hayaniya, aka sha shayi, aka koma kan na biyu da na uku: fitilu da lambun yara. Ni dai na ce a raina, to da an sani ai da ba a wahalar da dabino ba.

Saura inda za a yi lambun. Fili biyu ne a unguwar, ɗaya kusa da makaranta, ɗaya bayan gidan bulo. Da muka ji haka gabanmu ya faɗi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka taru a inuwar katanga, mu da muke da wani a filin. Akwai wani tsoho Bakano mai gyaran takalma, shi ke yi wa matattunmu wanka, shi ya wanke yayana da hannunsa. Ya ce, "Ku faɗa musu gaskiya. Musulmi ne, ba za su yi wasa a kan kabari ba."

Ni na fi kowa ɗaga murya. Ina da zuciya, kuma a lokacin ina ganin na fi kowa sanin mutanen nan tunda ni ke zama kusa da teburinsu. Na ce kabari ba takarda ai shari'a ce. Za su tambayi wa ya haƙa, wa ya wanke, me ya kashe shi, a gidan wa. Na ce lambun yara ai kusa da makaranta za a kai shi, ko mahaukaci ya san haka, don me za mu tona wa kanmu asiri a banza? Tsohon ya sake cewa a faɗa. Sai na ce masa, "Baba, kai ka gama cin zamaninka, ko an kwashe ka ba ka da asara. Mu muna da masu jiran mu a gida." Wannan magana ta fito daga bakina, a gaban mutane, ga mutumin da ya wanke ɗan'uwana. Aka watse a kan cewa kowa zai ja bakinsa.

A zama na uku injiniyar ta shimfiɗa taswira ta danne gefunanta da kofunan shayi. Nan take shugaban makaranta ya ce filin da ke kusa da shi na magada ne, ana rigima a kansa a kotu. Sai na ga yatsarta ta zame ta sauka bayan gidan bulo. A taswirar wurin fari ne fat, ko ɗigo babu. Ta ɗauko wata takarda mai gidaje-gidaje ta fara karantowa. Filin yana da mai shi? A'a. Akwai rijiya ko wayar lantarki a ƙasa? A'a. Sai ta ɗago kai ta dube ni, ta ce mutanenku ne suka fi kusa da wurin, tambaye su: akwai kabari ko wurin ibada a ciki?

Na juya na maimaita tambayar da Hausa. Kowa ya sunkuyar da kai. A bakin ƙofar makarantar akwai wani mai kaki a tsaye, jingine da mota, tun farkon zaman nake satar kallonsa. Mai unguwa ya gyara zama, ya ce da ni da Hausa, a hankali, "Ɗana, ka ji tambayar da kyau?" Na ce na ji. Ya ce, "Ka sake tambayarsu." Na sake. Tsoho mai gyaran takalma ya ɗago ya zuba mini ido, bai ce komai ba, don an riga an yi alkawari kuma shi mai cika alkawari ne. Na juya wajen injiniyar na ce, "Mafish."

Ta sa biro ta yi ƴar alama a gidan, ta wuce tambaya ta gaba. Tsohon ya miƙe ya sa takalmansa ya fita. Da aka tashi na ga mai kakin nan ya buɗe wa wata tsohuwa ƙofar mota. Ashe uwarsa ya zo ɗauka.

Na yi ta faɗa wa kaina cewa aikin gwamnati ne, ba za a yi ba. An yi. Bayan wata biyu aka kafa turaku aka zagaye filin da jan zare. Da sassafe na je na tsaya a kan kabarin yayana. Na san za a kwashe jarkokin a kai juji, zuciyata kuwa ba ta iya ɗaukar wannan ba. Sai na yi dabara irin ta magini. Na tsaya a kusurwar katangar gidan bulo na auna: taku goma sha bakwai zuwa gabas, taku shida zuwa hannun dama. Na auna sau uku, na haddace. Sannan na tuge jarkar, na zazzage yashin, na tafi da ita ɗaki. Na ce ko me suka shimfiɗa a kai, in dai kusurwar nan tana nan, ni na san wurin.

Ba a yi haƙa mai zurfi ba. Mota ta baje filin, aka kawo jar ƙasa aka zuba a kai. Mu ɗin dai aka ɗiba a matsayar ƴan ƙwadago ta Jadid muka yi aikin, don mu ne masu araha. Ina tura baro ina addu'a kada ƙashi ya fito, wani lokacin kuma in ji ina roƙon ya fito ko a tsayar da aikin. Bai fito ba. A mako na uku aka auna hanya, aka gano katangar gidan bulo ta ci titi. Mai gidan bai yi gardama ba. Na je cin abinci na dawo na tarar an rushe ta tun daga tushe, ana kwashe ɓaraguzan. Sabuwar da aka gina an ja ta baya, an kuma karkata ta ta bi titi. Na tsaya a inda nake zaton tsohuwar kusurwar take na yi taku goma sha bakwai, na koma wani wurin na sake yi, kowane ya kai ni wuri dabam. Ƙasar duk iri ɗaya ce, ja, a baje.

Ranar da aka kunna fitilu aka yanka rago, ban je ba. Washegari na wuce ta ƙofar shagon mai unguwa ya kira ni. Ya zuba mini shayi, bai dube ni ba. Ya ce, "Ka san abin da ke bayan takardar nan da ta karanta? In an ce akwai kabari, ba a taɓa filin. Akwai kason da aka ware na katange makabarta. Ba a tambayar sunan mamaci, ba a tambayar wanda ya haƙa. Katanga za a yi muku, da ƙofa."

Na ajiye kofin. Na ce, "Alhaji, kai ka sani! Ka san akwai mutane a wurin. Me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Ni na nuna wa na farkonku wurin, shekarun baya, ba da izinin kowa ba. In ya fito daga bakina, ni za a tambaya don me na ɓoye. In ya fito daga bakinku, ni shaida ne kawai, in ce haka ne." Sannan ya ce, "Na ji tsoro, ɗana. Na ɗauka kai za ka fi ni ƙarfin hali, tunda naka ne a ciki."

Na so in zage shi. Zagin ya zo har maƙogwaro, sai na rasa wanne ne nasa wanne ne nawa a ciki. Na tashi na fita ban yi sallama ba.

Bayan kwana biyu na je na sami injiniyar, ba tafinta, ba kowa, na faɗa mata duka. Ta cire gilashinta ta riƙe a hannu. Ta ce, "Sau biyu aka tambaye ka." Na ce haka ne. Ta ce an riga an miƙa aiki, an tura hotuna Tarabulus, ba ta da ikon tayar da shi. Abin da ta iya shi ne ta sa aka cire lilon yara da kujeru aka mai da su can gefen titi, ɓangaren gidan bulo aka bar shi itatuwa kawai. Ta tambaye ni daidai ina ne, ko a sa dutse. Na kai ta wurin, na tsaya ina dube-dube, na ce ban sani ba. Ita ce ta sa aka ba ni aikin ban ruwa.

Tsoho mai gyaran takalma bai ƙara amsa gaisuwata ba. Ba gaba yake yi ba, in na yi sallama yakan amsa sallamar don hakkin Musulunci, daga nan sai ya ci gaba da ɗinkinsa. Da ya tashi komawa Kano na je raka shi tasha, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ni ai na yafe tuni. Mutum goma sha ɗaya na wanke a filin nan. Su za ka nema."

Jarkar tana ɗakina, a kan bulo biyu kusa da ƙofa. Buhun ya cinye, amma sunansa da sunan garinmu suna nan da jan fenti, da rubutunsa mai karkata. Idan rana ta take, rufin kwano ya ɗau zafi, robar takan buɗe ta yi ƙara, ƙwas, sau ɗaya. Na san zafi ne. Ni magini ne, na san abin da zafi ke yi wa roba. Duk da haka ban taɓa jin ƙarar nan ban amsa ba. Sai na ji na ce "Na'am" kafin hankalina ya dawo, domin haka yayana yake ƙwanƙwasa ƙofa da dunƙulen hannu idan na makara, sau ɗaya, ba ya ƙarawa.

Lambun ya yi kyau, wannan ma wani ciwon ne. Itatuwan sun kama, na ɓangaren gidan bulo sun fi sauran tsawo, ba na son tunanin dalili. Da la'asar mata sukan shimfiɗa darduma a inuwa, yara su yi ta guje-guje. Ba na hana su, me zan ce musu? Sai dai idan yaro ya ruga ta tsakanin itatuwan nan, ƙafata takan ɗaga da kanta kamar ni aka taka. Ƴan'uwana da muka zo tare wasu sun wuce arewa bakin teku, wasu sun koma gida. An sha yi mini tayin aikin gini mai tsoka a Tarabulus na ƙi. Mutane na cewa na samu aikin gwamnati na miƙe ƙafa. Ina barin su su faɗa.

Akwai tiyo a lambun, da shi nake ba itatuwa ruwa. Amma ranar Juma'a, bayan masallaci, lokacin da rana ta kori kowa, nakan ɗauko jarkar in cika ta a famfo. Shekarun da ta yi a rana sun tsaga ta a gindi, tana yoyo. Da farko na yi niyyar in liƙe tsagar da wuta, sai na fasa. Nakan rungume ta in fara daga sabuwar katanga, in tafi a hankali har ƙarshen itatuwa, in juyo in matsa taku ɗaya in dawo, layi bayan layi, ruwan yana ɗiga a ƙasa da kan ƙafafuna. Takan ƙare sau huɗu kafin in gama, in koma in ciko. Ina tafe ina karanta abin da na iya, ga shi da sauran goman da ma waɗanda suka riga su. Ban san a wane layi nake wucewa ta kansa ba, amma na san ban tsallake ko ɗaya ba.

Da sallar da ta wuce ƙanwata ta turo muryar Inna. Ta tsufa, numfashinta ya fi maganarta yawa. Ta yi mini addu'a, ta tambayi sanyi, sannan ta ce, "Ka je wurinsa?" Na danna wayar na ce na je, Inna, ko jiya na zuba masa ruwa. Ban yi ƙarya ba. Ba a jima ba wata muryar ta shigo, gajeriya.

"Madalla. Wurin dai bai ɓace ba ko?"

Yau kwana arba'in ke nan ban amsa ba. Ƙanwata ta ce kullum da safe sai Inna ta sa an duba mata wayar.